Kula da Lafiyar Ƙananan Yara a Madina: Lokacin Hutu, Azumi, Sallah da Ziyara

Bayani ga iyaye da masu riƙon yara

An shirya wannan takarda ne domin iyalai masu jin Hausa, mazauna Madina da kuma baƙin da suka zo Umra ko ziyara tare da 'ya'yansu. A lokacin hutun makaranta, da watan Ramadan, da ranakun sallah, tsarin gida yakan sauya. Lokacin barci da na cin abinci suna canzawa, baƙi suna yawaita, fita tana ƙaruwa, hankalin manya kuma yana rabuwa. A irin waɗannan ranaku ne haɗarin ƙuna, da gudawa, da galabaitar zafi, da shaƙewa yake ƙaruwa ga yara. Mafi yawan waɗannan abubuwa ana iya kauce musu. Ku karanta wannan bayani, ku karanta wa wanda bai iya karatu ba, sannan ku adana shi a inda za a same shi da sauƙi. Takardar ba ta maye gurbin ganin likita ba.

Me ya sa yaro ya fi babba shiga haɗari?

Jikin yaro ƙarami ne, ruwan da ke cikinsa kuma kaɗan ne. Yana ɗaukar zafi da sauri fiye da babba, kuma ba ya iya sanyaya kansa da gumi kamar yadda babba yake yi. Jariri ba ya iya cewa yana jin ƙishirwa, yaro mai wasa kuwa yakan manta da shan ruwa. Hanyar numfashinsa siririya ce, ɗan abu kaɗan yana iya toshe ta. Fatarsa ba ta da kauri, saboda haka shayin da zai ɗan ƙona babba yana iya yi wa yaro ƙuna mai zurfi. Wannan shi ne dalilin da ya sa ciwon da babba zai jure na kwana biyu yakan kwantar da yaro cikin 'yan sa'o'i.

Zafin Madina

Daga watan Yuni zuwa Satumba zafin Madina da rana yakan wuce digiri 40, iskar kuma busasshiya ce. Gumi yana bushewa nan da nan, mutum ya yi ta rasa ruwa ba tare da ya sani ba. Saboda tsananin wannan zafi ne hukuma ta hana ma'aikata aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 3 na rana, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. A aikin Hajjin shekarar 2024 hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, da yawa daga cikinsu bayan doguwar tafiya a cikin rana ba tare da inuwa ba. Abin da ya kayar da manya ba zai ƙyale yaro ba.

• Ku fita da yara bayan sallar Asuba ko bayan Magariba. Wannan ya shafi zuwa Masallacin Ƙuba, da Uhudu, da Masallacin Alƙibla Biyu, da gonakin dabino.
• A harabar Masallacin Annabi (SAW) akwai manyan lemomi 250 da ake buɗewa da rana. Ku zauna a ƙarƙashinsu ko a cikin masallaci, amma ku tuna cewa hanyar zuwa da ta komawa masauki ba ta da irin wannan inuwa.
• Kada yaro ya taka kwalta ko dutse mai duhu ba takalmi. Tafin ƙafarsa yana iya ƙonewa cikin ɗan lokaci. Ku riƙe takalmansa a jaka maimakon barinsu a bakin ƙofa.
• Ku sa wa yaro tufafin auduga marasa nauyi da hula mai baki. Idan an goya shi, kada a lulluɓe shi gaba ɗaya da hijabi ko mayafi mai kauri, kada kuma a rufe keken jarirai da zane, domin zafi yana taruwa a ciki.
• Ku riƙa ba yaro ruwa a kai a kai, ba sai ya tambaya ba.
• Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi ko da ana tsananin zafi. A ƙara yawan ba shi nono. Ba ya bukatar ruwa, har da ruwan Zamzam, sai ya cika wata shida. Uwa ta sha, albarkar za ta kai gare shi ta nono.

Kada a bar yaro shi kaɗai a cikin mota ko na minti ɗaya, ko da an ɗan buɗe gilashi. Zafin cikin motar da aka ajiye yana ƙaruwa da kamar digiri 10 a cikin minti 10. Idan an iso gida ko masauki, a ƙirga yara kafin a kulle mota.

Alamomin galabaitar zafi su ne kasala, da ciwon kai, da jiri, da amai, da yawan gumi, da ƙishirwa mai tsanani. A kai yaron wuri mai sanyi, a cire masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa mai sanyi, a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan bai farfaɗo ba cikin minti 30, a kawo shi asibiti. Idan kuwa ya ruɗe, ko yana sambatu, ko ya fara jijjiga, ko ya suma, to wannan bugun zafi ne, yana iya kisa. A kira 997 nan take, a ci gaba da sanyaya jikinsa har motar asibiti ta iso. Kada a ɗura wa yaron da ba ya cikin hayyacinsa komai a baki. Maganin zazzaɓi ba ya sauko da irin wannan zafi.

Sanyin hunturu

A watannin Disamba da Janairu dare da asuba suna da sanyi. A sa wa yaro rigar sanyi da safa idan za a fita sallar Asuba. Kada a shigar da gawayi mai wuta cikin rufaffen ɗaki ko tanti. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ko launi, kuma tana iya kashe mutanen ɗaki suna barci. A nisanta na'urar ɗumama ɗaki daga shimfiɗa da labule da hannun yara.

Gudawa da amai

Sauyin abinci, da abincin da ya daɗe a waje, da hannu marar tsabta, su ne manyan dalilan gudawa a lokacin tafiya da bukukuwa. Haɗarinta shi ne ƙarewar ruwan jiki. Alamominsa su ne bushewar baki, da kuka ba hawaye, da faɗawar idanu, da faɗawar maɗiga ga jariri, da ƙarancin fitsari, da yawan barci.

• A fara ba da ruwan gishiri da sukari tun daga gudawar farko. Ana samun ƙullinsa a kantin magani. A duba yawan ruwan da aka rubuta a jikin takardar, domin wani ƙullin na lita ɗaya ne, wani kuma na kofi ɗaya.
• Idan babu ƙullin, a zuba sukari cokalin shayi shida da gishiri rabin cokalin shayi, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo, a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Yawan gishiri yana da haɗari. A zubar da abin da ya rage bayan sa'a 24.
• Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa. Mai shekara 2 zuwa 10 a ba shi mililita 100 zuwa 200.
• Idan ya yi amai, a dakata minti 10, sannan a ci gaba da cokali a hankali.
• Kada a daina ba da nono ko abinci. Kada a ba da lemon kwalba, domin yawan sukarinsa yana ƙara gudawa.
• Ku tambayi likita game da maganin zinki, wanda ake ba yara na kwana 10 zuwa 14 domin rage tsawon gudawa da hana ta saurin dawowa.
• Kada a ba ƙaramin yaro maganin tsayar da gudawa na manya.

Domin kariya, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, da bayan ban ɗaki, da bayan sauya wa jariri ƙunzugu. Shinkafa da nama da aka dafa kada su wuce sa'a biyu a wajen firiji, a lokacin tsananin zafi kuwa sa'a ɗaya. Abincin sadaka da aka kawo masauki, a ci shi da zafinsa, kada a ajiye wa yaro sai dare.

Abincin da ke bukatar hattara

Dabino abinci ne mai amfani, Madina kuma gidansa ce. Sai dai ƙwallonsa yana iya shaƙe yaro. A cire ƙwallon, a yayyanka dabinon ƙanana ko a dama shi. Kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa ko wasu 'ya'yan itace masu tauri ba tare da an niƙa su ba, haka nan alewa mai tauri. Inabi a tsaga shi gida huɗu a tsaye. Yaro ya ci abinci a zaune, wani babba yana kallonsa.

Kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko da lasa ce, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri.

Kada a sha ɗanyen nonon raƙumi, ko na akuya, ko na saniya, sai an tafasa shi. Ɗanyen nono yana jawo zazzaɓi mai daɗewa. Raƙuma kuma suna ɗauke da cutar numfashi ta MERS, wadda aka fara ganowa a Saudiyya a shekarar 2012. A nisanta ƙananan yara daga garken raƙuma, a wanke musu hannu bayan taɓa kowace dabba.

Idan abu ya shaƙe yaro

Idan yana tari da ƙarfi, a bar shi ya ci gaba da tari. Kada a cusa yatsa ana lalube a maƙogwaronsa. Idan ya kasa tari ko kuka ko numfashi, wani ya kira 997, wani kuma ya yi haka:

• Jariri ƙasa da shekara ɗaya: a kifa shi a kan hannu ko cinya, kansa ƙasa da ƙirjinsa, a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau biyar. Idan abin bai fito ba, a juya shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirjinsa sau biyar.
• Yaron da ya wuce shekara ɗaya: a sunkuyar da shi, a buga bayansa sau biyar, sannan a tsaya a bayansa, a dunƙule hannu a saman cibiyarsa, a ja ciki zuwa sama sau biyar.

A yi ta maimaitawa har abin ya fito ko taimako ya iso. Ko ya fito, a kawo yaron a duba shi.

Watan Ramadan

Azumi bai wajaba a kan yaron da bai balaga ba. Idan ana koya wa yaro mai ɗan wayo, a fara da rabin yini, a kuma sa shi ya sha ruwa da zarar ya ji jiri ko kasala. Yaro mai ciwon sukari, ko sikila, ko ciwon ƙoda, ko mai shan magani a kan lokaci, kada ya yi azumi sai da shawarar likitansa. Mai shayarwa da mai juna biyu su ma su nemi shawara kafin watan ya kama. Idan uwa tana azumi, ƙananan yara su ci gaba da samun abincinsu da ruwansu na rana kamar kullum.

A Ramadan gari yakan raya dare, yara su kwana a farke. Yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin sa'a 11 zuwa 14 a yini da dare, mai shekara 3 zuwa 5 sa'a 10 zuwa 13, mai shekara 6 zuwa 12 kuma sa'a 9 zuwa 12. Yaron da bai sami isasshen barci ba yakan yi rigima da ƙin abinci. A ware masa lokacin barci tsayayye. Waya ba ta zama mai reno ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a yini.

Gab da shan ruwa shi ne lokaci mafi haɗari a ɗakin girki. Mai yana kan wuta, kowa yana gaggawa. A fitar da yara, a juya mariƙin tukunya zuwa ciki, kada a ɗauki jariri da hannu ɗaya ana soya da ɗayan.

Ranakun sallah

Butar gahawa, da tulun shayi, da kaskon turaren wuta da ake ajiyewa a ƙasa a gaban baƙi suna daidai hannun yaro mai rarrafe. A ɗaga su sama. Hayaƙin turaren wuta yana tayar da asma, saboda haka a turara ɗaki yara ba sa ciki, sannan a buɗe taga.

Idan yaro ya ƙone, a tara wurin a ruwan famfo mai sanyi har tsawon minti 20. A lokacin zafi a fara taɓa ruwan, domin tankin da ke kan rufi yakan yi zafi ƙwarai. A cire tufafin da ba su manne ba, a rufe wurin da ƙyalle mai tsabta. Kada a sa ƙanƙara, ko man goge baki, ko ƙwai, ko manja, ko toka. Kada a fasa bororo. Ƙunar fuska, ko hannu, ko gaba, ko wadda ta kai faɗin tafin hannun yaron, da kowace ƙuna a jikin jariri, a kawo asibiti.

Kayan wasan sallah masu walƙiya da ƙara suna da ƙaramin batir mai kama da maɓallin riga. Idan yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona masa hanyar abinci cikin sa'a biyu. A kawo shi sashen gaggawa nan take, kada a sa shi amai. Kada a ba yara abin wasan wuta mai fashewa. A Babbar Sallah a ɓoye wuƙaƙe, a nisanta yara daga wurin yanka da kaskon suya.

Lalle da kwalli: baƙin lalle da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi yana iya ɗaye fata, ya bar tabo. Kada a sa wa jarirai lalle kowane iri ne. Wasu yara, musamman maza, ana haihuwarsu da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD. Ga irin waɗannan yara, lalle, da waken ful da ake karya kumallo da shi a nan, da ƙwayar kafur ta cikin tufafi suna iya farfasa jini. Alamar ita ce fitsari mai duhu kamar shayi, da idanu rawaya, da kasala. Kwallin gargajiya sau da yawa yana ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yaro, saboda haka kada a sa wa yara.

Idan iyali sun kama gidan shaƙatawa mai wurin iyo, a naɗa babba ɗaya wanda aikinsa kawai kallon yara ne, ba waya, ba hira. Yaro yana nutsewa ne shiru, ba ihu. Bokiti da baho ma a zubar da ruwansu bayan amfani.

Cunkoso da tafiya

Bayan sallar Juma'a, da Tarawihi, da sallar Idi, cunkoso yana tsananta a ƙofofin masallaci. Ku dakata har jama'a su ragu. Ku rubuta sunan yaro, da sunan masauki, da lambar waya a kati da Larabci, ku maƙala a rigarsa. Ƙofofin masallacin suna da lambobi: ku nuna wa yaro lambar ƙofarku, ku koya masa ya tsaya inda yake ko ya nufi jami'in tsaro idan ya ɓace. Tun da wurin sallar maza daban yake da na mata, uwa da uba su yanke tun a masauki wane ne zai riƙe wane yaro. Kada kowa ya ɗauka yaron yana hannun ɗan'uwansa.

Tsakanin Madina da Makka tafiya ce ta fiye da kilomita 400. Jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, ya fi sauƙi ga masu ƙananan yara. Idan a mota ne, yaro ya zauna a baya, a cikin kujerar yara da ta dace da shekarunsa. Dokar hanya ta hana zaunar da yaron da bai kai shekara 10 ba a gaba. Riƙe jariri a cinya ba ya kare shi idan an yi karo.

Rigakafi da cututtuka na musamman

Bayan ɓarkewar sanƙarau a tsakanin alhazai a 2000 da 2001, Saudiyya ta wajabta wa masu zuwa Hajji allurar sanƙarau mai kariya daga nau'i huɗu. Ana yin ta aƙalla kwana 10 kafin isowa. Masu zuwa daga Najeriya da Nijar ana neman su da shaidar rigakafin shawara da na shan inna. Sharuɗɗan suna iya sauyawa, saboda haka a bincika kafin kowace tafiya. A tabbata yaro ya kammala rigakafin ƙyanda, domin tana yaɗuwa da sauri a cikin taro. Mazauna gari su duba katin rigakafin yara a cibiyar lafiya ta unguwarsu kafin hutu.

Yaron da ya zo daga gida, ko ya dawo daga hutu a Najeriya, Nijar, Chadi ko Sudan, idan ya yi zazzaɓi, ku faɗa wa likita inda ya fito domin a gwada jininsa. Zazzaɓin cizon sauro yana iya bayyana makonni, wani lokaci watanni, bayan barin ƙasa.

Yaro mai sikila yana bukatar ƙarin ruwa da hutawa. Zafi, da gajiya, da shiga ɗaki mai tsananin sanyin na'ura daga cikin rana suna iya tayar da ciwon. Zazzaɓi a jikinsa abin gaggawa ne. Mai asma ya kasance da abin shaƙarsa a jaka kullum, musamman ranar ƙura.

Game da magunguna, ana auna farasitamol ne da nauyin yaro, kuma ba a wuce sau huɗu a sa'a 24. Kada a ba yara asfirin sai likita ya rubuta. Ba a sayar da magungunan kashe ƙwayoyin cuta a Saudiyya sai da takardar likita, kuma ba sa maganin mura. A kulle magungunan kakanni da na baƙi, domin jakar da aka ajiye a ƙasa wurin bincike ce ga yaro.

Yaushe za a kawo yaro asibiti ba tare da jinkiri ba?

• Zazzaɓi na digiri 38 ko fiye ga jaririn da bai kai wata uku ba.
• Numfashi da sauri ko da ƙyar, ko faɗawar ƙasan ƙirji, ko leɓe ya yi shuɗi.
• Jijjiga, ko sanƙarewar wuya, ko ƙurajen da ba sa dushewa idan an danna su.
• Ƙin kama nono, ko amayar da duk abin da ya sha.
• Rashin fitsari na sa'a takwas, ko jini a bayan gida.
• Barcin da ake tashinsa da ƙyar.
• Shan magani, ko man fetur, ko sinadarin wanki. Kada a sa shi amai, kada a ba shi manja ko madara. A zo da kwalbar.
• Faɗuwa a ka wadda amai ko ruɗewa ya biyo bayanta.

Lambobin da za a adana

997: motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilal Ahmar.
937: layin Ma'aikatar Lafiya domin shawarar likita, dare da rana.
998: 'yan kwana-kwana.

Idan za ku zo asibiti, ku riƙo fasfo ko katin zama, da katin rigakafi, da dukkan magungunan da yaron yake sha, har da na gargajiya. Ku faɗi gaskiyar abin da aka ba shi a gida, ba wanda zai zarge ku, kuma sanin haka yana taimaka wa likita. Idan ba ku jin Larabci, ku sanar da ma'aikatan karɓar marasa lafiya, ko ku zo da wanda zai yi muku tafinta. Kada ku tafi sai kun fahimci yawan maganin, da lokacin shansa, da ranar dawowa.

Iyaye ne suka fi kowa sanin ɗansu. Idan kun ga yaro ba kamar yadda kuka san shi ba, ku kawo shi ko da tsakar dare ne, ko da ranar sallah ce. Sashen gaggawa ba ya rufewa. Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, Ya karɓi ibada, Ya mai da baƙi gida lafiya.